Na zuba ma'aikata goma a kwamfuta na yi ta labta musu aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga ɗakina a Manchester nake magana, yanzu na taso daga aikin dare ko kwanciya ban yi ba saboda abin nan ya tsaya min a rai.

Ku kalli allon nan. Manhajar sunanta NetLogo, ta kwaikwayon yadda abubuwa ke gudana ce a kwamfuta, kyauta ce, Uri Wilensky ne ya fito da ita a 1999. Ɗigo goman nan da suke motsi ma'aikata ne na zuba, kowa na ba shi ƙarfin aiki, da gajiya, da abin da na sa wa suna riƙon zumunci, wato yadda zuciyarsa take tare da abokan aikinsa. In gajiya ta daɗe a jikinsa riƙon sai ya dinga sassautawa, in ya ƙare sai ya ajiye aikin ya kama gabansa.

Toh bari in ƙara musu kaya. Dama lissafin layi, wato lissafin yadda ayyuka ke taruwa suna jiran a yi su, ya faɗa, mutum ɗaya da aiki ke faɗo masa ba tsari, in kashi 80 cikin 100 na lokacinsa a cike yake to a matsakaici ayyuka 4 ne a gabansa, in ya kai 90 sun zama 9, a 95 kuwa 19. Kashi biyar kacal aka ƙara fa amma layin ya ninka har da ɗoriya!

Yauwa, kun ga wancan ɗigon ya yi ja, alamar gajiya ta ci ƙarfinsa? Ya tafi. Kayansa sun koma kan mutum tara, an kawo sabo amma sai tsohon hannu ya bar nasa aikin ya tsaya koya masa, shi ma tsohon ga shi nan ya fara ja, wlh tun ranar da na fara ganin wannan jikina ya yi sanyi don haka aka yi mana a sito ɗin da nake aiki. Baiwar Allahn da ta koya min aikin, mai haƙuri ce ta gaske, ita ake jibga wa komai saboda ba ta cewa a'a, rannan kawai muka zo ba ta nan, ko wata biyu ba a yi ba wasu suka bi bayanta.

Ni na tsara dokokin ɗigon nan da hannuna, amma ban rubuta cewa masu ƙwazo ne za su fara tafiya ba, da kansa abin ya fito. Gobe zan ba su hutu in sake gwadawa, yanzu dai bari in ɗan runtsa.