Mota ta tashi, jirgi ya ɗaga, roka kuwa harba ta ake yi

Wannan lacca ce da wani malaminmu ya yi wa masu koyon fassara, na rubuto ta daga rikodin kamar yadda ya faɗa.

Toh jama'a Assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? Madalla. Bari in fara da abin da ya faru dani a tasha. Na zo a makare da jakata ina haki, na tambayi ɗan kamasho nace motar Zariya ta tashi? Yace ta tashi Malam. Har na juya raina a ɓace zan nemi wata, sai ga motar a gabana tana ta hayaƙi, yara huɗu suna share gumi, ashe turata suka yi tun ɗazu taƙi tashi sai yanzu. Shi inji yake nufi ni kuma tafiya nake nufi, kuma duk cikinmu babu wanda yayi kuskuren Hausa.

Kalmar tashi kenan. Mutum ya tashi daga barci, yaro ya tashi a Kano, kasuwa ta tashi, ƙullu ya tashi, ciwo ya tashi, hankali ya tashi, kaje shago kayi sayayya kace nawa ya tashi, an tashi wasa biyu da ɗaya, wani kuma ya tashi a tutar babu. In ka lura da yawancinsu abun da kansa yake motsawa, ba ka ganin hannun da ya tura shi. Shi yasa da jirgin sama yazo bamu sha wahala ba, tsuntsu na tashi shima sai ya tashi. Ita kanta kalmar jirgi ai ta ruwa ce asali, ta kwalekwale, da dogo ya iso Kano a 1911 muka ce jirgin ƙasa, da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano a 1925 muka ce jirgin sama. Af, kar wani ya rubuta min a jarrabawa wai tasha daga tashi aka samo ta, aro ce daga Turanci, kama ce kawai ta zo ɗaya.

Sai ɗaga, ita wannan ku yi hattara da ita. Lokacin aikin hajji zaka ji ance jirgin farko ya ɗaga zuwa Madina, wato ya tafi. Amma in kaji ance an ɗaga jirgin, to maniyyaci ya shimfiɗa tabarmarsa a sansanin alhazai don kwana ya kama shi. Ya ɗaga, an ɗaga, ɗan bambancin nan shine tsakanin mai murna da mai zaman jira.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Bature kalma ɗaya, wato launch, yake amfani da ita wa roka da littafi da kamfe da sabuwar waya, mu ma mun aro ta muna cewa lancin. Sai mai fassara ya zauna a ɗakin labarai duk inda ya ganta ya rubuta ƙaddamar, sai kaji wai an ƙaddamar da tauraron ɗan adam zuwa sararin samaniya. Haba! Ƙaddamar daga Larabci take, ma'anarta gabatarwa, ka kawo abu gaban mutane. Ana ƙaddamar da littafi, a kafa rumfa a jera kujeru, babban mai ƙaddamarwa ya tashi yace ya sayi kwafi ɗaya miliyan kaza, a tafa, ko kuɗin zasu fito daga baya wannan kuma Allah masani. Ana ƙaddamar da asusun gina masallaci. Amma abin da aka cusa wa wuta a gindi ya keta hazo, wannan harba shi aka yi, kamar yadda maharbi ke harba kibiya, jaki ma ya harbe ka in ka tsaya bayansa. Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan adam mai suna Sputnik a 1957. NigeriaSat-1 a 2003 daga Rasha aka harba shi, NigComSat-1 kuma daga Chana a 2007, ya lalace a 2008 aka sake harba madadinsa a 2011. In an taru a Abuja anyi jawabi an yanke kyalle, wannan ƙaddamar da shirin aka yi, tauraron dai sai an harba. Wasu suna cewa cilla, nima ina sonta, saidai tafi kama da jifa da hannu.

Eh ɗiyata, ina jinki. Tace to ƙaddamar da hari fa? Gaskiya ta shiga bakin ƴan jarida ta zauna, bazan ce kuskure bane, amma kakata kai hari zata ce, kuma ni nata yafi min daɗi a kunne.

Wanda ya taɓa ganin gwauron zabo ya firgita a gona ya ɗaga hannu. Mutum uku kacal? Kai birni ya cinye ku. Fir yake yi sama lokaci guda babu shiri, daga nan aka samo farashi yayi tashin gwauron zabo. To sati mai zuwa kowa ya kawo min jimla biyar da tashi, kar biyu su zo da ma'ana ɗaya. An kira sallah, mu tashi.