Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ɗakin Gwajin Na'urorin Shaƙar Rigakafi, Jos

Mai girma Minista, masu martaba iyayen ƙasa, shugabannin ma'aikatan lafiya, 'yan jarida, iyayenmu maza da mata, assalamu alaikum, barkanmu da safiya.

A madadin likitoci da masana haɗa magunguna da injiniyoyin wannan ɗakin gwaji, muna yi maka lale marhabin da zuwa Jos. Sannu da hanya, sannu da Hawan Kibo, sannu kuma da sanyin garinmu.

Ranka ya daɗe, aikinmu a nan shi ne na'urar da za ta mayar da ruwan rigakafi ya zama feshi mai laushi, a shaƙa maimakon a yi allura. Ƙyanda da mura da tarin fuka duk ta numfashi suke shiga, rigakafin da ya sauka a huhu kuwa yana tayar da garkuwa a daidai ƙofar da cutar ke bi. Ba sabon tunani ba ne. Albert Sabin ya gwada na ƙyanda a Meziko a farkon shekarun 1980, kuma wajajen 1990 an shaƙa wa 'yan makaranta kusan miliyan 4 a can. A Satumban 2022 ƙasar Sin ta amince da na korona na kamfanin CanSino, wanda mililita 0.1 kawai ake shaƙa, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake ɗurawa a allura.

Wahalar duk tana ga girman ɗigon. Wanda zai kai cikin huhu sai ya kasance tsakanin maikiron 1 zuwa 5, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen 70. In ya wuce 10, a hanci da maƙogwaro zai maƙale a haɗiye shi. In bai kai 1 ba, yadda ya shiga haka zai fito da numfashi.

Na'urori iri uku za ka gani a kan tebur. Ta farko mai kwamfaresa ce, tana hura iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya ta wani siririn bututu. Tana da araha, ba ta saurin lalacewa, amma tana barin kusan mililita guda a gindin kofi, kuma tana ta juya ruwan har ƙwayoyin rigakafin su raunana. Shi ya sa a Meziko cikin ƙanƙara suke nutsa kofin. Ta biyu da sautin da kunne ba ya ji take aiki, tana ɗumama ruwan, zafi kuwa shi ne ajalin rigakafi mai rai, don haka mun ajiye ta gefe. Ta uku ita muka fi sa wa rai: wata 'yar ragar ƙarfe ce mai ƙofofi kusan 1,000, wadda ke karkarwa sama da sau 100,000 a daƙiƙa. Ba ta zafi, batir ya ishe ta, abin da take bari bai kai mililita 0.1 ba. Aibinta toshewa. Ruwan famfo na barin gishiri a ƙofofin, sai a wanke ta da tataccen ruwa nan take bayan aiki, kuma duk wanda ya sa allura ko buroshi don ya buɗe su ya kashe ragar.

Babba zai ja numfashi ya riƙe daƙiƙa 5 in an ce ya yi. Jariri ɗan wata 9 ba ya jin wannan. Ta hanci yake numfashi, in ya fashe da kuka sai ya riƙa jan iska a gaggauce yana fitarwa da tsawo, mafi yawan feshin ya tsaya a maƙogwaro. Takunkumin da ake sa masa don ya shaƙa kuma in bai zauna daram a kan hanci da haɓa ba, ta gefe rigakafin zai zurare, uwa ta koma gida da tunanin an yi wa ɗanta. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali. Kowane yaro da nasa takunkumin, da bawul mai hana numfashinsa komawa cikin na'ura, don kada wajen rigakafi ya zama wajen raba tari.

Dole mu gaya maka gaskiya, ranka ya daɗe. A gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi a Indiya, wanda aka wallafa a 2015, an yi wa jarirai wajen 2,000 rigakafin ƙyanda. Cikin waɗanda suka shaƙa, kashi 85 cikin 100 suka samu garkuwa, na allura kuwa kusan 95. Wannan tazarar tana da yawa ga cuta mai saurin yaɗuwa irin ƙyanda. Saboda haka muna roƙon kada kowa ya bar wurin nan ya ce an daina allura. Ta wata 9 da ta wata 15 suna nan, iyaye mata su ci gaba da kai yara.

Dalilin yin gwajin a nan gida kuwa, yanayinmu daban ne. Busasshiyar iskar hunturu tana tsotse ɗigo kafin ya kai bakin yaro, girman da aka auna a ɗaki ya canja a fili. Danshin Agusta yana dunƙule rigakafin da aka yi shi gari. Jos na kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, iskar ba ta da nauyi kamar ta Legas, sai an sake saita kwamfaresa. Ga kuma tsohuwar ƙa'ida: rigakafin ƙyanda da aka haɗa da ruwansa ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, nesa da hasken rana, in ya kai awa 6 a zubar.

Buƙatarmu ta farko ita ce na'urar auna girman ɗigo mai hawa-hawa, domin in babu ita hasashe kawai ake yi. Sai wutar sola ga firij da ɗakin rainon ƙwayoyin halitta, inda ake tara feshin a ƙirga ƙwayoyin da suka fito da rai a kwatanta da waɗanda aka zuba. Muna kuma neman a haɗa mu zama da NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike tun yanzu, mu san hujjar da za su nema kafin a kusanci ko yaro ɗaya.

Mun gode da wannan karamci, Allah ya ƙara girma. Bismillah, ranka ya daɗe, mu fara da teburin farko. Ruwan gishiri ne kawai a cikin kofunan yau.