Sunan da aka goge kafin ranar zaɓe

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Sani da ƙanena Bashir. Yau za mu tattauna ne kan goge sunayen mutane daga rajistar masu zaɓe. Malam, in an ce maguɗi, hankalin mutane yakan tafi ga sace akwati ko aringizon ƙuri'u. Me ya sa ka nace sai mun yi maganar rajista?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Saboda satar akwati ana ganinta, Maryam, har a ɗauki hoto. Wannan kuwa a ofis ake yinta, a kwamfuta, watanni kafin zaɓe. Mutum zai yi sammako ya bi layi, ya iso gaban ma'aikacin zaɓe, a bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa, a ce masa babu sunanka. Ba faɗa, ba hayaniya. Ya juya ya tafi gida, kuma babu inda za a rubuta cewa an hana shi.

Bashir: Amma Malam, ai dole a riƙa gyara rajista. Mutane na mutuwa, wasu na ƙaura, wani ya yi rajista sau biyu. In aka bar sunayen matattu, da su ake cika akwati.

Malam Sani: Babu mai musun haka. Abin tambaya shi ne wa ke gogewa, da wane ma'auni, kuma a wane lokaci. Ka ɗauki jihar Florida ta Amurka a shekarar 2000. Dokar jihar a lokacin ta hana waɗanda aka taɓa samu da babban laifi yin zaɓe, sai aka ba wani kamfani kwangilar fitar da sunayensu. Ma'aunin ya yi sako-sako, in sunanka ya yi kama da na mai laifi, kai ma ka faɗa ciki. Baƙar fata sun fi kowa yawa a jerin idan aka kwatanta da adadinsu, su kuma galibinsu jam'iyyar Democrat suke zaɓa. George Bush na jam'iyyar Republican ya ci jihar da ratar ƙuri'a 537, da ita ya zama shugaban ƙasa.

Maryam: Kuma gwamnan jihar a lokacin ƙaninsa ne, Jeb Bush. Ita kuwa sakatariyar jihar da ke kula da zaɓe, Katherine Harris, tana cikin jagororin yaƙin neman zaɓensa a jihar.

Malam Sani: An ba kura ajiyar nama ke nan. Haka aka sake gani a jihar Jojiya ta Amurka. A watan Yulin 2017 an cire sunaye sama da 500,000 a ƙarƙashin sakataren jihar, Brian Kemp. Shekara na zagayowa ya tsaya takarar gwamna yana riƙe da ofishin, ya kayar da Stacey Abrams da ratar kusan ƙuri'a 55,000.

Bashir: Yaya Maryam, bari in tsaya a nan. Kemp ya ce doka ya bi, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka cire sun mutu ko sun bar jihar. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa gogewar ce ta ba shi nasara.

Maryam: Gaskiyarka, ba za mu rantse ba. To amma nan ne ciwon yake, Bashir. Ƙuri'ar da ba a kaɗa ba, kotu ba ta da hanyar ƙirga ta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar da ke cire mutum don kawai ya daina fita zaɓe. A jihar Ohayo ta Amurka, in ka yi shekara 2 ba ka yi zaɓe ba, za a aiko maka da kati ta gidan waya. In ba ka mayar ba, ka kuma ƙara shekara 4 ba ka fita ba, an goge ka. Akwai wani tsohon sojan ruwa da ya yi zaɓe a 2008, ya ƙaurace wa zaɓukan da suka biyo baya don 'yan takarar ba su kwanta masa ba. Da ya fito a 2015 sai ya tarar babu sunansa, alhali ko gida bai canza ba. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 2018 alƙalai 5 suka ce tsarin ya halatta, 4 suka ce a'a.

Malam Sani: Ku duba wa irin wannan katin ke wucewa. Ɗan haya da ke yawan tashi, ɗalibi, lebura mai aikin dare, wanda karatu bai wadace shi ba. Mai gogewa ba ya bukatar sanin wa ka zaɓa. Ya san unguwar da 'yan adawa suka fi yawa, ya san irin mutanen da ke cikinta, sai ya zaɓi ma'aunin da zai fi kama su. A takarda doka ɗaya ce ga kowa.

Bashir: To Malam, mene ne mafita? Ba za a ce a daina gyara ba.

Malam Sani: Na farko lokaci. Dokar tarayya ta Amurka ta 1993 ta hana gogewar jimla idan saura kwana 90 a yi zaɓen tarayya, domin wanda aka cire bisa kuskure ya samu sararin dawowa. Sai kuma nauyin hujja. Hukuma ce ya kamata ta tabbatar ka mutu ko ka ƙaura, ba kai za a ɗora wa wahalar tabbatar da cewa kana raye ba.

Maryam: Wannan ya tuna mini da Bihar a Indiya. A 2025, watanni kaɗan kafin zaɓen jihar, hukumar zaɓe ta sake tantance masu rajista, da ta fitar da daftarin rajistar a farkon watan Agusta sai aka ga babu sunaye kusan miliyan 6.5. Hukumar ta ce matattu ne, da waɗanda suka ƙaura, da masu rajista biyu. 'Yan adawa suka ce talakawa ne da 'yan cirani da ba su da takardun da ake nema.

Bashir: Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Maryam: Abin da Kotun Ƙolin Indiya ta so a gano ke nan. Ta umarci hukumar ta wallafa sunayen duka, kowane da dalilin cire shi, yadda mutum zai duba ya ga an rubuta shi a matacce, ya je da ƙafarsa ya ƙalubalanta.

Bashir: Wannan kam na yarda da shi. Sai dai ɗan ciranin da ke aiki a Delhi ko Mumbai, wa zai biya masa kuɗin jirgin ƙasa ya koma ƙauye don gyara suna?

Malam Sani: Shi ya sa nake ganin laifin jam'iyyun adawa su ma. Suna zuba kuɗi wajen wakilan rumfa a ranar zaɓe, amma ranar da aka kafe rajista ba ka ganin kowa. A lokacin ne ya kamata su karɓi kwafi, su bi rumfa-rumfa, su kwatanta da tsohuwar rajista, su ƙwanƙwasa ƙofar duk wanda sunansa ya ɓace, su shigar masa da ƙorafi tun wa'adi bai cika ba.