Sodiyam Sayanayid: Idan Ya Zube Ko Gobara Ta Tashi, Kada Ka Fara Da Ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Kalgoorlie nake magana da ku, garin haƙar zinare a Yammacin Ostireliya, kusan kilomita 600 gabas da Perth. Iska na kaɗawa sosai, ku yi haƙuri in sautin bai fita yadda ya kamata ba.

Ku dubi wannan akwatin katakon da ke bayana. Na atisaye ne, babu komai ciki, amma irinsa ake zuba tan ɗaya na sodiyam sayanayid, sinadarin da ake narkar da zinare daga cikin niƙaƙƙen dutse da shi. Cikin akwatin akwai babban buhu, cikin buhun kuma akwai leda mai kauri. Ledar nan ita ce ke tsakaninsa da danshi. Bari in matso da kyamara kan tambarin. Ga ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ga lamba 6 a ƙasa, wato aji na 6.1, mai guba. Ga UN 1689, lambar da aka san wannan sinadarin da ita wajen sufuri. Wannan 2X kuma na 'yan kwana-kwana ne, da sun hango shi sun san cikakkiyar rigar kariya za su sa, kuma dole su tare duk ruwan da ya gangaro daga wurin.

Shi kansa sinadarin fari ne, a dunƙule, kamar kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kaya, sai dai ya fi girma. Ba ya cin wuta. Muddin a bushe yake, an san yadda za a yi da shi. Fitinar tana farawa ne in ya haɗu da asid, ko da danshi, domin a nan yake sakin iskar haidirojin sayanayid, wadda za ku ga an rubuta HCN. Asid yana fitar da ita nan take, da yawa. Danshi da iskar CO2 da ke yawo a sarari suna fitar da ita a hankali. Wannan ne ya sa a masana'antar zinare ake zuba farar ƙasa a ruwan aikin, a riƙe ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, sama da 10.5. Da ya sauko kusa da 9, wajen rabin sayanayid ɗin ya koma irin wanda ke tashi a shaƙa.

To, a ce cokalin motar ɗaga kaya ya huda akwati, kaya ya watse a ƙasa. Abu na farko, ka ja da baya ta ɓangaren da iska ke tasowa. Kun ga wancan jan ƙyallen da ke lilo a kan sanda? Amfaninsa ke nan, ya nuna maka inda iska ta dosa. Sannan ka yi shela ta rediyo, a killace wurin. Littafin agajin gaggawa da ake amfani da shi a Amurka da Kanada ya ce aƙalla mita 25 ta kowane gefe in busasshe ne, mita 50 in narkakke ne. Wannan mafi ƙaranci ke nan, na'urar auna HCN ce za ta ce a ƙara.

Ga na'urar a maƙale a wuyan rigata, kusa da hanci ake rataya ta, ba a aljihun wando ba. A wurare da yawa ana saita ta ta fara kuka a 4.7 ppm, wato kashi 4.7 cikin miliyan na iska, ta canza murya a 10, wato kowa ya fice. A 50 kuwa an shiga matakin da rai ke cikin haɗari nan take. Kada wani ya ce maka ai za ka ji wari. Akwai warin, amma mutane da dama an haife su hancinsu ba ya kama shi ko kaɗan, wanda ke jinsa ma hancin yakan gaji ya daina.

Masu shiga su kwashe, mutum biyu ne aƙalla, na uku yana tsaye daga nesa yana kallonsu, da oksijin a kusa. Rigar kariya daga sinadari, safar hannu ta roba mai kauri har gwiwar hannu, takalmin roba, a liƙe bakin hannu da bakin ƙafa da salatif. In ba a san yawan iskar da ke wurin ba, tukunyar numfashi ta goyo ake sawa. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare HCN, yaudarar kai ce kawai. Kuma gubar tana ratsa fata, musamman mai gumi, ga shi a nan zafi kan haura digiri 40 a watan Janairu.

Kafin a ɗauki shebur, a toshe magudanar ruwa da buhunan yashi. In hadari ya haɗu, a lulluɓe kayan da tamfol, a danne gefe, a yi ɗan tudun ƙasa kewaye don kada ruwan sama ya bi ta ƙarƙashi. Sai a kwashe a hankali cikin busasshen duro mai murfi, ba tare da tayar da ƙura ba. A kankare ƙasar da ya taɓa, ita ma a duro. Galibi injin sarrafa zinaren ake mayar da su, tunda can ne wurinsu. Wanda ya jawo mesa ya ce bari ya wanke wurin, ya mayar da abin da shebur biyu za su kwashe ya zama kududdufin guba mai gudu, mai shiga ƙasa, mai tashi sama.

Ɗan ragowar da ya manne a siminti shi ake kashewa da ruwan bilic da aka tsarma, amma akwai sharaɗi. Sai an tabbatar pH yana sama da 10 tukuna. In ya yi ƙasa, bilic da sayanayid suna haifar da wata iskar mai guba, sayanojin kulorayid, ka ga an gudu ba a tsira ba. In kuwa kayan ya riga ya faɗa rafi ko kogi, ƙa'idar sayanayid ta duniya, wadda aka tsara bayan ɓallewar dam ɗin Baia Mare a Romaniya a shekarar 2000, ta hana zuba bilic ko makamantansa a ciki, don su ma suna kashe abin da ke ruwan. Abin yi shi ne a sanar da garuruwan da ke ƙasa su daina ɗiba, a kai musu ruwan sha, a yi ta gwaji. A 1998 wata mota ta faɗa kogin Barskoon a Kirgistan, fiye da tan ɗaya da rabi ya narke, kuma babban abin da mutanen yankin suka yi kuka da shi shi ne jinkirin sanar da su.

Yanzu gobara. Tunda shi ba ya ci, abin da ke ci shi ne katakon, da ledar, da tayar mota, da man dizal. Ku dubi waɗannan tukwanen kashe wuta guda biyu. Wannan mai baƙin ɗamara CO2 ce, ba ta da wuri a ɗakin sayanayid, domin in ta haɗu da danshi tana zama asid mai rauni, ta saki HCN a fuskar mai kashe wutar. Mai gari ake so, kuma garin ma a duba takardar bayanin sinadarin, saboda wani garin yana da tsami. In wutar ta girma, ba makawa sai ruwa, amma feshi ake yi daga nesa don a sanyaya kwantenonin da ke kusa, ba a cusa bakin mesa cikin kayan. Kowane ɗigo da ya gangaro a tare shi a rami mai shimfiɗar roba. Wani lokaci shugaban 'yan kwana-kwana zai ga gara a bar katakon ya cinye da a cika unguwa da ruwan guba, kuma a ganina sau da yawa shi ke da gaskiya. In tanki ko taragon jirgin ƙasa ne wuta ta kama, mita 800 ake janye mutane. HCN ɗin ma kanta tana kamawa da wuta in ta taru a rufaffen ɗaki.

A fashewar wani siton sinadarai a Tianjin ta ƙasar Sin, 12 ga Agustan 2015, mutum 173 suka rasu, sama da rabinsu 'yan kwana-kwana. Ba sayanayid ne ya fashe ba, amoniyam naitiret ne, amma akwai kimanin tan 700 na sodiyam sayanayid a wurin, kuma waɗanda suka fara isa ba su san abin da ke cikin kwantenonin ba. Shi ya sa ake ajiye jerin kayan sito a akwati a bakin ƙofar shiga, ba can cikin ofis ba. Kuma ba a haɗa sayanayid ɗaki ɗaya da asid, ko takin naitiret, ko kayan abinci.

In mutum ya shaƙa, za ka ga ciwon kai, jiri, numfashi sama-sama, ruɗewa, sai faɗuwa, duk cikin 'yan mintuna. Gubar tana hana ƙwayoyin jiki cin moriyar oksijin ɗin da ke cikin jini, don haka na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna lafiya lau alhali mutum na tafiya. Kada ka ruga ciki ba kariya, gawa biyu za a ɗauko. A fito da shi, a sa masa oksijin zalla, a tuɓe masa kaya, a wanke jikin da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15. A nan ne ruwa ke da amfani. Ba a hura masa iska baki da baki, jakar matsawa ake sawa. Makarin gubar, irin Cyanokit, gram 5 ne ta jijiya cikin minti 15, kuma aikin likita ne ko ma'aikacin jinya da aka horar. Yana mayar da fitsari ja na wasu kwanaki, kada dangi su firgita. A Ostireliya 000 ake kira, cibiyar bayanin guba kuma 13 11 26.

'Yan uwa direbobin tirela da ke ɗauko kwantena daga tashar Tema ta Ghana zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, da masu aikin zinare da suka fara sayen wannan sinadarin a buhu, ku karɓi takardar bayanin kayan kafin ku tayar da mota, ku ajiye ta a gaban mota inda hannu zai kai. In mota ta kife, aikinka na farko shi ne hana jama'a matsowa, musamman yara da masu zuwa kwasar ganima, waɗanda za su zaci taki ne ko gishiri. Ka kira lambar da ke jikin takardar, ka faɗa musu UN 1689, ka faɗa musu ko akwai rafi kusa, ko kuma hadari ya taso.