Yau Hajiyarmu ta Katsina ta yi tatsuniya a ajin firamare na Kanada

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, da duk wanda ya leƙo. An sha ruwa lafiya? Mu nan da saura, rana ba ta ko karkata ba. Yanzu na fito daga makarantar su autata a Winifeg, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, yatsuna sun ƙage a jikin waya, amma wallahi ba zan iya jira sai na isa gida ba.

Jama'a, Hausa na tarar a ƙofar aji uku. "Sannu da zuwa", da manyan baƙaƙe, an manna ta tsakanin gaisuwar yaran Filifin da ta 'yan Punjab da ta 'yan Yukren. Rubutun 'yata ne, karkatacce kamar na ubanta, amma na tsaya ina kallo har wata mata ta ce in matsa ta wuce. Gobe 21 ga Fabrairu ita ce ranar harshen uwa ta duniya, to da yake bana ta faɗo Asabar, sai suka yi nasu yau Juma'a. UNESCO ce ta ware ranar a 1999, don tunawa da ɗaliban da aka harbe a Dhaka, babban birnin Bangaladash na yanzu, a 1952 saboda sun ce sai an bar su da harshensu na Bengali. Akwai wani yaro ɗan Bangaladash a ajin, shi malamar ta sa ya ba da labarin, yana yi yana gyara tsayuwa.

Tun makon jiya malamar ta aiko takarda, wai kowane yaro ya zo da wani abu daga bakin kakanninsa, waƙa ko labari. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, muna da Hajiya. Na kira ta na ce, Hajiya, za mu haɗa ki da ajin ta bidiyo ki yi musu tatsuniya. Ta ce ƙarfe nawa? Na ce goma na safe a nan, biyar na yamma ke nan a Katsina, tunda awa 7 ke tsakaninmu. Ta ce in rufa mata asiri. Na ɗaya, lokacin tana kan kunun buɗa-baki. Na biyu, ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa tatsuniya da rana ba, ba kuma za ta fara a kan 'ya'yan Turawa ba, salon wani ya ɓata a ce ita ce. Na yi lallashi har na gaji. Ƙarshe dai da daddare ta tara jikokin gida da 'ya'yan maƙwabta a tsakar gida, Yaya ya ɗauka da wayarsa ya turo.

Shi aka kunna yau. Hajiya ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yaran Katsina suka amsa "ta zo mu ji ta", sai malamar ta tsayar, ta sa ajin kaf su ma su amsa. Ku ji yaran Winifeg suna ta zo mu ji ta! Autata na gaba tana fassara musu ƙeta irin ta Gizo da haƙurin Ƙoƙi, ga kukan akuyar gidanmu yana shigowa, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa ina can baya ina share ido da bakin mayafi. Ba yabon kai ba, cikin duk abin da aka kawo, namu ne ya fi tashi.

To daga nan ne raina ya soma ɓaci. 'Yar ƙanwata tana wata makarantar kuɗi a can cikin garin Katsina, ba sai na faɗi suna ba, kun san irinsu. In ta yi Hausa a aji monita ya rubuta sunanta, ko tara ko durƙuso. A Katsina fa! Uba ya biya kuɗin zango da guminsa don a hukunta 'yarsa a kan harshen da ya yi mata huɗuba ya raɗa mata suna a cikinsa. A 2022 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ce a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ba a kai ga ganin littattafan ba, bara a 2025 aka ce an soke, a koma Turanci. Su mutanen Kanada kuma kada ku ɗauka tsabar kirki ne kawai. Sun taɓa yin abin da ya fi namu muni: an kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, irin su Cree da Ojibwe, an kai su makarantun kwana ana dukansu in sun yi harshensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Shi ya sa duk 30 ga Satumba ake sa riga ruwan lemo don tunawa da yaran. Sun ga inda abin ya kai su, mu kuma muna biyan kuɗi a yi mana.

Bari in tsallaka titi, ƙanƙarar nan ba ta da mutunci. Takalmin da ke ƙafar yarinyar nan da rigar sanyi da wandonta, dala 180 suka ci, kuma baɗi sun yi mata kaɗan. Ku lissafa a naira da kanku, ni azumi nake.

Wani abin da ke burge ni da su, komai na ajin yana bin yanayin shekara. Watan Oktoba yara su tsinto ganyen da ya zubo su manna a takarda. Yanzu kuma dusar ƙanƙara suke awo a kofi su ga ruwa nawa za ta bari in ta narke. Malamar ta ba autata takarda mai gida huɗu ta zana yadda shekara take a garinsu, muka zauna muka cike: damina da shuka, kaka da dammunan gero da 'yan dambe, hunturu da ƙura da man kaɗanya a ƙafa, bazara da kwana a waje. Yarinyar da ba ta taɓa ganin rumbu ba, ita ce ta zana shi. Wai a ce 'yan firamaren Batagarawa ko Rimi, da gona ke bayan ajinsu, an taɓa fita da su a ce ku ƙirga kwana nawa gero ke yi kafin ya fid da kai? Mu dai a zamaninmu ba a yi mana ba.

Amma akwai na haushi. Kabewa, jama'a. Ƙatuwa, dala 5 ko 6, su fafe ta su yanka mata ido da baki su ajiye a ƙofar gida har ta ruɓe. Da na tuna taushen da za ta yi, kasa kallo na yi. Ranar 31 ga Oktoba kuma yara su yi shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa. Ni ban bar tawa ta fita ba, kowa da ra'ayinsa, amma na ce mata mu ma muna da tashe, kuma namu da waƙa da wasa ake karɓa, ba miƙa jaka kawai ba.

Ke 'yar'uwa da ke shirin tahowa da yara, ki ji da kyau. Kada ki kuskura ki sa ƙuli-ƙuli ko wani abu mai gyaɗa a abincin makaranta, har yajin tsire, don akwai ƙuli a ciki. Akwai yaran da gyaɗa ke toshe wa numfashi, sai asibiti, kuma ba sa wasa da wannan ko kaɗan. Alewar da za a riƙa ba yaranki kuma ki juya bayan leda ki karanta, masu taushin nan da yawa akwai sinadarin alade a ciki. Kilishi a akwati, ki manta da shi, a filin jirgi za a raba ku. Sannan in malama ta ce miki ki ci gaba da yi wa yaro Hausa a gida, ba gatse take ba, Turanci zai same shi ko kin so ko ba ki so.

Ranar Hausa ta duniya, 26 ga Agusta, tana faɗowa suna hutu, don haka malamar ta ce mu kawo wani abu kafin Sallah. Yaya, na san kana kallo. In azumi ya kai goma 'yan tashe suka shigo gida, ka ɗauko min su, amma ka riƙe wayar a kwance, kuma don Allah a ɗaure akuyar nan.