Jarumi Mai Bin Yesu da Bindiga a Hannu: A Ina Faɗan Yake?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu yi magana a kan labaran artabu, irin waɗanda ake ta harbe-harbe da guje-guje, an sace wani, jami'in tsaro na farautar mugu. Ku leƙa rumfar mai cajin waya ranar kasuwa, za ku tarar da samari sun miƙa memori a zuba musu, wasu fim, wasu littafin da aka karanta aka naɗi murya. A ƙauyukan Rogo, Sumaila, Tudun Wada, har Roni a Jigawa, inda Masihiyawa ke zaune da maƙwabtansu Musulmi shekara da shekaru, matasan ikkilisiya ma suna ji, wasu har sun fara rubuta nasu. To idan jarumin labarin mai bin Yesu ne, me ya kamata ya bambanta?

A hannun raggon marubuci, babu abin da ke bambanta. Jarumi zai durƙusa ya yi addu'a, ya miƙe ya karkashe mutum ashirin, harsashi bai ko taɓa rigarsa ba. An mai da addu'a laya ke nan, abin ɗaurawa a damtse don kada ƙarfe ya kama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron da ke sauraro zai ɗauka aikin bangaskiya ke nan.

Bari mu ƙaga wani labari tare. A ce wani ɗan banga ne a ƙauyen da ke gefen dajin Falgore, yana cikin mawaƙan coci. Ɓarayi sun kore shanun gidansu, sun kashe ƙanensa. An sha bin sawu, an sha ɗauki-ba-daɗi, sai ga shi da dare a bakin rafi sun kama infoman da ya nuna gidan. An ɗaure shi da igiyar shanu, hasken tocila a fuskarsa, yana ta rantse-rantse. Abokan tafiya na cewa, "Gama da shi kawai, wa zai sani?" Shi kuma yana tsoron in an miƙa shi ga hukuma, gobe-jibi a gan shi yana yawo a kasuwa. Duk gudun da aka yi a baya shimfiɗa ce. Ainihin faɗan yana tsakanin yatsansa da kunamar bindiga.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, ya daɗe da irin wannan wuri. Ku buɗe 1 Sama'ila sura 24. Sarki Saul ya ɗebi mutum 3,000 yana farautar Dauda a jejin En-gedi. Ya shiga wani kogo don ya zaga, bai san Dauda da mutanensa na can ƙurya ba. Mutanen suka ce wa Dauda yau ce ranar da Ubangiji ya ba ka. Dauda ya lallaɓa, amma gefen rigar Saul kawai ya yanko. Kuma ko wannan ɗan ƙyallen sai da zuciyarsa ta dame shi a kansa. Wannan Daudan ne dai, a 2 Sama'ila sura 11, ya rubuta wasiƙar da za ta sa a kashe Uriya, ya danƙa wa Uriyan ya kai da hannunsa. Mutum ɗaya ne, ya ci gwaji lokacin da yake gudun hijira, ya faɗi lokacin da yake kan gadon sarauta. Ga kuma Bitrus a daren da aka kama Yesu, ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya ce masa ya mai da takobin kube.

Ba kisa kaɗai ba ne. Labarin leƙen asiri ba ya tafiya sai da ɓoye gaskiya, kuma nan ma masu bi sun daɗe suna kai ruwa rana. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, sun kauce wa umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, suka bar su da rai, suka kuma yi masa ƙarya. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan soro, ta ce wa manzannin sarkin Yariko sun riga sun tafi. Amma Agustin, bishop ɗin Hippo, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yarda hukuma na iya yin yaƙi bisa adalci, duk da haka ya ce ƙarya ba ta halatta ko don a ceci rai. A ganinsa, an yaba wa ungozomomin ne don tausayinsu, ba don ƙaryar ba.

A zamanin Hitler kuma, wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya haɗa kai da masu shirin kawar da Hitler ɗin. An kama shi a 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945. Bai ce hannunsa tsarkakakke ne ba. Matsayinsa shi ne, wanda ya ɗauki irin wannan mataki don ceton wasu ya yarda ya ɗauki laifin a wuyansa, ya dogara ga jinƙan Allah.

Mu koma bakin rafin nan. Marubuci na da damar bin kowace hanya, amma dole zaɓin ya ci wa jarumin wani abu. In ya ƙyale infoman, to a nuna mana mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwarsa, abokai na kiransa matsoraci, ƙila ma mutumin ya dawo ya sake ɓarna. In kuwa ya harba, kada a tsallake zuwa biki. A nuna shi ranar Lahadi ana miƙo Jibin Ubangiji ya kasa ɗauka, a nuna yadda zai iya buɗe baki gaban fasto ko dattijon ikkilisiya, da kuma abin da tuba za ta nema daga gare shi game da iyalin wanda ya kashe da kuma hukuma. Romawa 12:19 ta hana mai bi ramuwa, ta ce na Ubangiji ne. Ayar ba ta yi alkawarin cewa bin ta zai zo da sauƙi ba.

Akwai abu guda da nake roƙon masu rubutu daga yankinmu. Kada a ɗauki wata ƙabila ko wani addini a mai da su miyagun labari. Mu da muke haɗuwa a rijiya ɗaya, muke zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa, mun san ɓarawo ba shi da ƙabila, shanun Fulani ma ana korewa. A labarinmu na ɗan banga, infoman nan yana iya zama ɗan cocinsu, wanda suke zama benci ɗaya. Wanda zai riƙe masa hannu ya ce "Kai, bari, kada ka ɗauki alhakin rai" kuma yana iya zama maƙwabcinsa Musulmi da suka fito sintiri tare.