Ƙararrawar Kiran Barori: Yadda Ake Gane Shekarunta

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau daga Birmingham nake, cikin wata kasuwar kayan da, kuma sanyi yana kaɗawa, sai ku yi haƙuri idan kun ji muryata tana rawa. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ɗan ƙarfen tagulla mai kama da gwiwar hannu? Mai kayan ya ce tun zamanin Sarkin Birtaniya George na Uku yake. To, za mu bincika.

A manyan gidajen Ingila na da, mai gida ba ya ɗaga murya ya kira bara. Igiya ko mariƙi yake ja a gefen murhu, sai wata siririyar waya ta jan ƙarfe ta motsa, ta bi bango, ta gangara can ƙasa inda masu aiki suke. Duk inda wayar za ta sha kwana, sai an kafa mata irin wannan gwiwar ta juya ta. A ƙarshenta akwai ƙararrawa rataye a kan nannaɗaɗɗen sifirin. Kowane ɗaki da tasa, kowace da amonta, har ta kai 'yar aiki daga jin sauti ta san uwar gida ce ko ɗakin cin abinci. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 abin ya fara yaɗuwa, kuma rataya ƙararrawa ta zama sana'a mai zaman kanta. Wanda ya je tsohon gidan Erddig kusa da garin Wrexham a yankin Wales zai gan su jere a bango har yanzu.

Ni dai fuskar kaya ba ta ruɗa ta. Ku juya shi ku dubi bayansa. Kun ga yadda yake da kaushi, ga kuma sawun magagari? Zubi ne, an narka tagulla an zuba a cikin yashi, sannan aka gyara da hannu, kamar yadda maƙeran fari suke bin aikinsu da magagari a gida. Wanda inji ya buga daga fallen tagulla ba shi da nauyi, kuma adon da ke gaba yakan fito a lotse ta baya. Sai dai a yi hattara, tun 1769 aka yi rajistar dabarar buga tagulla, kuma ba a daina zubi ba bayan haka. Saboda haka zubi shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ga maganaɗisu, ba na shiga kasuwa ba tare da shi ba. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Wannan bai kama ba, madalla.

Yanzu ga inda na fi so, sukuru. Akwai biyu maƙale a jiki. Sukurun da, bakinsa a dakushe yake kamar an datse shi, zarensa ba daidai ba, tsagar kansa kuma sau da yawa ta kauce daga tsakiya, domin da hannu aka tsaga ta. Mai tsini irin wanda muka sani, wani Ba'amurke Thomas Sloan ne ya yi rajistar injinsa a 1846, kamfanin Nettlefold na nan garin ya ɗauki dabarar a 1854. Mai kai kamar alamar tarawa kuwa sai shekarun 1930. Ku duba waɗannan, tsini zar. Amma fa sukuru abu ne da ake canzawa, mai gyara na iya sa sabo a tsohon kaya. Shi ya sa nake leƙa ramin in ga ko ya zauna daram.

Bari in goge nan da yatsa... yauwa! Ga rubutu: "Rd", wato an yi rajista, da lamba. Magana ta ƙare. Daga 1842 zuwa 1883, in an yi rajistar zane a Birtaniya, tambari ne mai kusurwa huɗu a tsaye ake bugawa, da haruffan da ke nuna shekara da wata. Daga 1884 aka koma lamba zalla, aka fara daga 1, zuwa 1900 ta haura 350,000. Lambar tana faɗin lokacin da aka yi wa zanen rajista ne, ana iya ci gaba da ƙera shi shekaru bayan haka. Ke nan wannan bai girmi 1884 ba. George na Uku kuwa ya rasu tun 1820.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a lokacin da aka ƙera shi, ƙararrawar lantarki mai allo da ke nuna ɗakin da aka danna ta riga ta fara shiga gidaje, bayan batirin da wani Bafaranshe Leclanché ya ƙirƙiro a 1866. Wani mai gida ke nan ya ƙi rabuwa da ƙararrawarsa ta jan waya.

Wani mai kallo ya tambaye ni ko a goge irin waɗannan su yi ƙyalli. Ni ban yarda ba. Wannan duhun da ya kwanta a lungunan ado yana cikin abin da masu saye suke dubawa, in ka kankare shi ka rage masa daraja. Ƙyalle mai laushi ya wadatar.

Zan saya, amma ba a kuɗin da ya faɗa ba. Bari in nuna masa lambar nan mu yi ciniki.